Yadda ake gyaran ledar ɗaki idan ta yage, ta ƙone ko ta kumbura

Ba kasafai ledar ɗaki ke lalacewa baki ɗaya ba. Wuri guda ne ke fara ba da matsala: an ja firji ƙafarsa ta kama ta ta yage, ko an ajiye dutsen guga da zafinsa ya bar shaida, ko bakinta na wajen ƙofa ya ɗago yana ta harɗe ƙafar masu shiga. Sauran ɗakin kuwa lafiya lau. Abin da ke damuna shi ne yawancin mutane ɗayan biyu suke yi, ko su manna salatif su jawo kujera su rufe wurin, ko su yaye ledar duka su zubar saboda ɓarnar da ba ta fi tafin hannu ba. Alhali da wuƙa mai kaifi da gam ɗin da ya dace da ɗan haƙuri, za ka iya yin facin da baƙo ba zai gane ba sai ka nuna masa da yatsa.

Sai dai gyaran yana son hanzari. Yagewar da aka bari, kullum ruwan goge-goge na shiga ta cikinta, ƙura na taruwa a ƙasa, bakin ledar yana bushewa yana naɗewa. Abin da gam kaɗai zai gyara a yau, bayan wata biyu sai an yanke an yi faci.

Fara sanin irin ledar da kake da ita

Da robar da ake kira PVC ake yin ledar, kuma hawa-hawa take. A can sama akwai wata fata siririya garai-garai wadda ita ce ke shan takun ƙafa. A ledar gida kaurinta bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Ƙarƙashinta zanen yake, wato hoton tayil ko na katako ko na furanni da aka buga. Sai jikin ledar, wanda a masu kauri yake da ɗan taushi irin na soso, sannan bayan da ke kwanciya a kan daɓe. Wannan ne ya sa idan karcewa ta tsaya a fatar sama gyaranta ba wuya, amma da zarar ta ci zanen, babu abin da zai dawo da shi. Duk gugar da za ka yi ƙara cinye shi za ta yi.

Abu na biyu, duba yadda aka shimfiɗa ta. Je wani lungu ka ɗaga bakinta a hankali. Akwai wadda aka shafe bayanta duka da gam, akwai wadda gefe-gefe da mahaɗa kawai aka liƙe, akwai kuma wadda aka shimfiɗa haka nan nauyinta da na kayan ɗaki ke riƙe da ita. Gyaran duka kusan iri ɗaya ne, bambancin yana wajen cire ɓangaren da ya lalace da kuma abin da za ka liƙa sabon da shi.

Akwai gargaɗin da ba na so a yi wasa da shi. Wasu ledojin da aka yi har zuwa shekarun 1980 an sa musu asbestos, wato wani ma'adini mai zare-zare, a bayansu, wanda za ka gan shi kamar takarda mai kauri, fara ko ruwan toka. Haka ma wani baƙin gam na da. Ƙurar asbestos idan aka shaƙa tana jawo mummunar cutar huhu da sankara bayan shekaru masu yawa, shi ya sa ƙasashe da dama suka hana amfani da shi. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. Muddin ledar na kwance ba a taɓa ta ba, haɗarin kaɗan ne. Yanka ta da kankare bayanta da goga mata samfefa su ne ke tayar da ƙurar. Idan gidan tsoho ne kuma ledar ta kai waɗannan shekarun, kada ka yanka, kada ka kankare. A gwada ta tukuna a wurin masana, ko a shimfiɗa sabuwa a samanta a bar ta yadda take.

Kayan aiki

Wuƙar yankan kafet, irin wadda ake sauya mata baki, tare da sababbin baki biyu ko uku. Rula ta ƙarfe, domin ta roba ko ta katako wuƙa na cin gefenta layin ya karkace. Salatif na takarda irin na masu fenti, wanda ba ya barin danƙo. Faffaɗan ƙarfen kankare fenti. Na'urar busar da gashi. Sirinji. Kwalba mai santsin jiki don murzawa. Tsummoki masu tsabta, da ɗan faifan katako mai shafaffen jiki, da abu mai nauyi kamar tarin littattafai ko jarkar ruwa.

Maganar gam tana buƙatar a tsaya. Nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na shimfiɗa ledar PVC ne. Yawanci fari ne, ana goge shi da ruwa kafin ya bushe. Gam ɗin roba mai ƙarfin wari, irin na gyaran takalmi, yana kamawa nan take, shi ya sa mutane ke son sa, amma aibinsa biyu. Da zarar faci ya taɓa shi ba ya matsawa ko kaɗan, in ka ɗora a karkace shi ke nan. Sannan sinadarin da ke sa leda laushi yana ratsawa cikinsa a hankali, gam ɗin ya koma danƙo, wani lokaci ledar ta yi rawaya daga ƙasa. Shi kuma gam mai saurin kamawa na ɗan ƙaramin bututu bushewa yake ya yi tauri, leda kuwa tana lanƙwasa duk lokacin da aka taka ta, don haka ba a daɗewa yake tsagewa, kuma yana barin farin tabo a sama.

Abu na ƙarshe shi ne ruwan haɗa bakin leda, wanda ke zuwa a bututu mai siririn baki. Shi ba liƙawa yake yi ba, yana ɗan narkar da bakunan biyu ne su haɗe su zama abu ɗaya. Idan ka same shi gyaranka zai hana ruwa shiga. Yana kama wuta kuma warinsa na hawa kai, saboda haka a buɗe tagogi, a nisantar da shi daga wuta da yara.

Karcewa da ƙaramar tsaga

Wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka bi cikin tsagar da tsohon buroshin haƙori don dattin ya fita, ka bar shi ya bushe sarai. Datti ne ke sa tsaga ta yi baƙi ta fito fili, kuma in ka rufe ta da shi a ciki ya zauna ke nan. Bayan ta bushe, zuba siririn layi na ruwan haɗa baki a cikinta, ka matse gefen biyu da yatsu na ɗan lokaci, ka hana a taka wurin na wasu awoyi. Shi ke nan.

Yagewar da ɓallin bai fita ba

Wannan ita ce wadda ƙafar firji ko ta gado ke yi: ledar ta yage ta tattare gefe guda, amma naman yana nan. Kada ka yi saurin yanke ɓallin da almakashi, shi ne facin da ya fi kowane dacewa da wurin.

Kunna na'urar busar da gashi a matsakaicin zafi, ka riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga ledar, kana kaɗa ta ba tare da ka tsaya wuri ɗaya ba. Cikin minti ɗaya ko biyu za ka ji ledar ta yi laushi. Da yatsunka ka riƙa miƙar da tattararren wurin kana jawo shi zuwa mazauninsa. In ya ƙi, ƙara ɗumi kaɗan, kada ka ja da ƙarfi, domin leda mai ɗumi tana miƙewa kuma idan ta wuce tsawonta ba ta komawa. Hannunka shi ne ma'auni: zafin da yatsa ba zai iya jurewa ba ya yi wa ledar yawa. Wasu na kawo dutsen guga ko su kara wuta, garin neman gira su rasa ido, fatar sama ta narke ta yi ƙyalli daban da sauran ɗakin.

Idan ɓallin ya kwanta daidai, sake ɗaga shi, ka share ƙasan tas. Ko ƙwayar yashi ɗaya ka bari za ta fito kamar ƙurji bayan an yi ta takawa. Shafa gam siriri a daɓen, ka tura kaɗan ƙarƙashin gefen da bai ɗago ba, ka mayar da ɓallin, ka murza da kwalba daga tushensa zuwa bakinsa. Goge gam ɗin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma nan take. Gitta salatif na takarda a kan yagewar don ya riƙe bakunan a haɗe, ka shimfiɗa 'yar leda ko takarda mai maiƙo don kada katakon ya manne, ka ɗora katako da nauyi, a bar shi kwana ɗaya. Washegari ka bi layin da ruwan haɗa baki.

Kumburi

Kafin ka taɓa kumburi, tambayi kanka me ya kawo shi. Idan sabuwar shimfiɗa ce, ba ta fi kwana ɗaya ko biyu ba, ƙananan kumburi kan kwanta da kansu yayin da gam ke bushewa. Idan kuwa tsohuwa ce ta fara tasowa kusa da banɗaki ko wurin wanke-wanke ko jikin bango, to zargi ruwa. Latsa wurin: in ka ji sanyi ko wari, ko ruwa ya fito da ka huda, gam ba zai yi maganinsa ba sai an toshe inda ruwan ke fitowa an bar daɓen ya bushe.

In iska ce kawai, ɗumama wurin, ka huda tsakiyarsa da allura ko ka ɗan tsaga shi da bakin wuƙa, tsagar da ba ta wuce santimita 1 ba, kuma in da hali a kan layin zane inda ido ba zai kama ba. Matso iskar daga gefe zuwa hudar. Ɗebi gam a sirinji ka tura ta nan, ka riƙa latsawa da yatsa yana bazuwa ko'ina a ƙarƙashin, sannan ka murza da kwalba daga gefe zuwa tsakiya don rarar gam ta fito ta hudar ka goge. Nauyi a kai har kwana ɗaya. Babban kumburi wanda ledar ta riga ta miƙe, sai an tsaga shi daga wannan baki zuwa wancan, bakunan su hau juna, a yanke rarar da rula, sannan a liƙe.

Faci: idan wurin ya ƙone, ya huje ko zanen ya goge

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne ake gane wanda ya yi a natse.

Da farko sai an samo ƙyallen da za a yi facin da shi. Mafi kyau shi ne ragowar da aka bari lokacin shimfiɗawa. Idan babu, ɗebo daga ɗakin kansa, a wurin da ido ba ya kaiwa: ƙarƙashin firji, ko kabad, ko gadon da ba a matsar da shi. Ramin da ka bari a can sai ka cike shi da kowace leda mai kauri ɗaya don daɓen kada ya zauna a buɗe. Sayo sabuwa mai zane iri ɗaya shi ne zaɓi na ƙarshe, domin ko kamfani ɗaya ya yi su, bugun wannan shekara da na waccan kan ɗan bambanta a launi, wani lokaci har a kauri. Ka sani kuma ledar da ta sha rana da taku ta ɗan kode, don haka sabon faci zai fi ta haske da farko, sai a hankali su daidaita.

Yanzu zaɓi inda za ka yanka. Kada ka bi siffar ɓarnar. Idan zanen tayil ne, cire gidan tayil ɗin gaba ɗaya, ko biyu ko huɗu in ɓarnar ta haye, kana bin layukan da ke raba su. Idan zanen katako ne, bi tsawon layin da ke tsakanin katako da katako. Ido ya riga ya saba ganin layi a wurin, saboda haka yankan ya ɓace a cikinsa. Leda mai launi ɗaya marar zane ita ce mai wuya. Za a rufe ramin, ruwa ba zai shiga ba, amma mai lura zai ga layin, gara ka san haka tun yanzu.

Yanke ƙyallen ya fi wurin da za ka cire girma da kamar santimita 3 ta kowane gefe. Wanke wurin ya bushe, ka ɗora ƙyallen a kan ɓarnar, ka riƙa matsar da shi har zanensa ya hau kan na ƙasa daidai ta dukkan ɓangarori huɗu. Durƙusa ka duba kowane gefe: layin da ya fito daga ƙarƙashin ƙyallen ya zama ya ci gaba a kansa ba tare da ya goce ko da kaurin zare ba. Sannan ka tashi ka tsaya daga bakin ƙofa ka kalle shi ta inda haske ke shigowa, domin wasu ledojin suna da gaba da baya, in ka juya ƙyallen zanen zai dace amma hasken ya bambanta. In ka ga haka, juya shi ka sake gwadawa. Idan ka gamsu, kafe shi da salatif na takarda ta kowane gefe, sosai, yadda ko ka tura shi da tafin hannu ba zai motsa ba. Idan ledar ɗakin ba a liƙe take ba, ɗora nauyi a kewayen wurin don ita ma kada ta ja.

Sai yankan, wanda shi ne sirrin aikin duka: za ka yanka ƙyallen da ledar ƙasa a tare, da wuƙa ɗaya a kan layi ɗaya. Tunda baki ɗaya ne ya ratsa su biyun, facin da ramin za su fito girma ɗaya, ko da hannunka ya ɗan kauce. Wanda ya auna ramin da rula ya je gefe ya yanko faci ba zai taɓa samun wannan dacewar ba.

Sa sabon baki a wuƙar. Ɗora rula a tsakiyar layin zanen, ka danne ta da hannu ɗaya, yatsunka nesa da bakinta. Riƙe wuƙar a tsaye cak, kada ta kwanta dama ko hagu. Dalili kuwa, ledar biyu ce a kan juna. In bakin ya karkata, inda ya yanki ta sama daban da inda ya yanki ta ƙasa, sai facin ya fito ko dai ya yi ƙaranci ya bar rata, ko ya yi yawa ya ƙi shiga. Ja wuƙar a hankali da nauyin hannu daidai. Idan ledar mai kauri ce ba lallai ta ratsa a ja ɗaya ba, sake bi sau biyu ko uku ba tare da ka ɗaga rular ba. Za ka ji a hannunka sa'ad da bakin ya taɓa siminti, sautin ma yana canjawa. Siminti na dakushe wuƙa da sauri, don haka in ka ji ta fara ja maimakon yanka, sauya baki kafin ka shiga gefe na gaba. A kusurwa ka tsaya daidai inda layuka suka haɗu, ka soka tsinin wuƙar ƙasa don kusurwar ta rabu, kada ka zarce cikin lafiyayyen wuri.

Kafin ka ɗaga facin, manna ɗan salatif a kansa ka zana kibiya mai nuna ƙofa ko taga. Abu ne ƙarami, amma da zarar ka ɗauke shi ka ajiye, ba za ka tuna ta ina ya kwanta ba, kuma ta fuska ɗaya kawai zai shiga daidai.

Cire salatif, ka ajiye facin gefe, ka duba ko yankan ya ratsa ledar ƙasa ko'ina. Inda bai ratsa ba ka ƙarasa a hankali cikin layin da ke nan. Idan ba a liƙe take ba, ɓangaren da ya lalace zai taso da kansa. Idan a liƙe take, tsaga tsakiyarsa, ka ɗumama, ka cusa ƙarfen kankara ta tsagar kana turawa daga tsakiya zuwa gefe. Kada ka fara ɓanɓara daga bakin layi, za ka lauye gefen da kake so ya zauna da kaifinsa. Sau da yawa saman ledar ne ke tashi ya bar bayanta manne da daɓe. Jiƙa shi da ɗan ruwan sabulu, ka jira ya yi laushi, ka kankare har sai simintin ko katakon ya fito fes, musamman kusurwoyi inda tsohon gam ke maƙalewa.

Yanzu da daɓen ke buɗe, dube shi da kyau, domin sau da yawa shi ne ya jawo ɓarnar tun farko. Leda ba ta ɓoye aibin abin da ke ƙarƙashinta. In akwai rami, takawa zai sa ta lotsa ta fashe a wurin. In akwai tsinin dutse ko kan ƙusa, zai huda ta daga ƙasa. Shafa tafin hannunka a wurin. Tudu a kankare shi, ƙusa a buga ta ta nutse, rami ko tsaga a cike da siminti mai laushi ko garin cike daɓe, a shafe ya yi daidai da kewayensa, a bar shi ya bushe gaba ɗaya. Idan kana shakkar danshi, ga gwaji mai sauƙi: yanki farar leda irin ta ƙunshe kaya mai kimanin santimita 45 ta kowane gefe, ka shimfiɗa a kan simintin, ka rufe bakinta duka da salatif, ka bar ta aƙalla awa 16. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko simintin ya yi duhu, daɓen na fitar da danshi, kuma duk facin da ka liƙa a kai zai sake tashi. Idan ramin facin bai kai wannan girman ba, yi gwajin a lungun da za ka iya naɗe ledar baya.

Gwada facin a ramin babu gam. Ya kamata ya shiga ya kwanta daidai da sauran, ba tudu ba kwari. In wani gefe ya ɗan matse, aske shi kaɗan-kaɗan da wuƙa da rula. In facin ya fi ledar ɗakin siranta har ya nutse, ƙara masa takarda mai ƙarfi a ƙasa ka liƙe ta tukuna.

Shafa gam a daɓen siriri kuma bai ɗaya. Yawan gam ba ya ƙara ƙarfi, sai dai ya yi ta fitowa ta layin, ya hana facin kwanciya. Ɗaga gefen tsohuwar ledar kaɗan da ƙarfen kankara ka tura gam ƙarƙashinta kamar santimita 2 ko 3 ta kowane ɓangare, don bakunan biyu su kwanta a kan gam ɗaya. Karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin: yawancin irin wannan gam ana barin sa ya sha iska na wasu mintoci ya fara danƙo kafin a ɗora leda. In ka ɗora da wuri yana jiƙe, facin zai riƙa zamewa kuma yana iya kumbura. Idan ledar ɗakin shimfiɗe take babu gam, kada ka liƙe facin shi kaɗai da daɓe alhali sauran na motsi, zai tattare a kewayensa. Nemi salatif mai danƙo gaba da baya wanda aka yi don ledar ƙasa, ka shimfiɗa shi a ƙarƙashin layin yankan yadda rabinsa zai kama facin rabi ya kama tsohuwar.

Bi kibiyarka. Fara sa gefe ɗaya ya jingina da bakin ramin, sannan ka kwantar da sauran a hankali kana shafawa don iska ta fita. Kada ka danna shi daga sama gaba ɗaya. Murza da kwalba daga tsakiya zuwa waje, sannan ka bi layukan huɗu da bayan cokali kana dannawa har sai farcenka ya wuce ta kan mahaɗar bai maƙale ba. Goge rarar gam, ka ɗora 'yar leda da katako da nauyi, a bar shi awa 24 babu mai takawa.

Washegari a rufe mahaɗar. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ka manna salatif na takarda a kan layin, ka danne shi sosai, ka tsaga shi da wuƙa daidai kan mahaɗar, sannan ka cusa bakin bututun cikin tsagar kana ja a hankali kana matsawa kaɗan. Ruwan zai shiga tsakanin bakunan, rarar ta tsaya a kan salatif maimakon ta ɓata fuskar ledar. Bayan kamar minti 10 ka yaye salatif ɗin. Idan ya ɗiga a kan leda kada ka goge da tsumma, za ka dama fatar sama ne. Bar shi ya bushe. A jinkirta wanke wurin da ruwa har kwana ɗaya ko biyu.

Baki da mahaɗar da suka ɗago

Inda leda biyu suka haɗu, ko bakin ƙofa, ko jikin bango, nan ne take yawan naɗewa. Ɗumama wurin har ya saki, ka ɗaga, ka kankare tsohon gam da dattin da ya taru, ka bar shi ya bushe, ka sa sabon gam, ka murza, ka danne da dogon katako da nauyi. Bakin da ya daɗe a naɗe yana da taurin kai, yakan so kwana biyu a danne. A bakin ƙofa kuwa gam kaɗai ba ya daɗewa saboda yawan shiga da fita. A sa masa siririn ƙarfe ko roba na rufe bakin shimfiɗa a ɗaure da daɓe. Idan ledar ta tattare a jikin bango saboda ta yi tsawo, rage mata milimita 2 ko 3 ta samu wurin miƙewa lokacin zafi.

Tabon da ke fita da wanda ba ya fita

Baƙin layin da takalmi ke bari yana fita da abin goge fensir ko jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu. Tawadar biro takan fita da sifirit a auduga, amma a fara gwadawa a lungu. Fetur da tina da ruwan goge jan farce suna cin fatar sama su bar wurin dusu-dusu, haka ma soson ƙarfe. Akwai kuma tabon rawaya ko ruwan ƙasa da ke fitowa a ƙarƙashin tabarmar ƙofa mai bayan roba, ko tayar keke, ko robar ƙafar kujera. Wannan ba datti ba ne, sinadarin baƙar robar ne ya ratsa cikin ledar ya canja mata launi, kuma ko bilic ba ya fitar da shi. Maganinsa faci, sannan a raba robar da ledar don kada ya dawo.

Inda gyara ba zai yi ba

Idan ka lanƙwasa bakin ledar ka ji ta karye maimakon ta lanƙwasu, ta bushe ke nan, duk inda ka yanka wata tsagar za ta biyo. Idan zanen ya goge a duk hanyar da ake bi, ko ƙasan ya yi baƙi da fumfuna yana wari, ko wuraren da ke neman faci sun kai biyar ko shida a ɗaki ɗaya, sauyawa ta fi. Haka ma ledar nan siririya ƙwarai da ake yagawa da hannu: za ta karɓi salatif mai danƙo biyu daga ƙasa ta ɗan ƙara kwana, amma ba ta da naman da zai riƙe faci mai kyau.

Duk ranar da ka shimfiɗa sabuwa, ka ce wa mai aikin ya bar maka ragowar. Naɗe ta a kan bututu ko sanda, zanen yana waje, kada ka ninke ta don ninki na barin karaya, ka ajiye inda rana ba ta bugu. Sa ƙyallen ulu mai kauri ko faffaɗan matashi na roba mai tauri marar baƙi a ƙarƙashin ƙafafun gado da kujeru. In kuma za a matsar da firji ko kabad, a shimfiɗa faifan katako siriri a tura shi a kai, ko mutum biyu su ɗaga.